Gadon Yaya a Ɗakin Guga

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya gajiyar asibiti? Ina fata ƙafafun nan naki sun daina kumbura. Ni lafiyata lau, in ban da bayan nan da kin san halinsa, da gwiwar hagu da take kuka kamar tsohuwar ƙofa. Maƙwabciyarmu mai kaji tana gaishe ki, ta ce har yau ba ta ga hotonki da fararen kayan aiki ba.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don a waya kafin in haɗa magana kin ce ana nemanki a ɗakin marasa lafiya. Wannan kuwa magana ce da take so a zauna.

Innarki tana gidan nan. Yayata nake nufi, ba wata ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Jini ne ya hau mata ta faɗi a banɗaki, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai kalma ɗaya ko biyu. Ta yi mako uku a asibiti, da aka sallame ta babu wanda ya zo ɗauka. Kin san mijinta ya rasu, haihuwa kuma Allah bai ba ta ba. Dangin mijin kowa ya ce gidansa ba wuri. Sai na samo mota na ɗauko ta.

Na fitar da teburin guga zuwa baranda na sa mata gado a ɗakin, saboda shi ne kusa da banɗaki. Yanzu a waje nake guge kayan mutane, iska tana ɗaga mini riguna ina bin su. Sharar coci kuma, da na riƙe shekara ashirin da shida, na miƙa wa matar mai gadi tsintsiya da maɓalli. Ba zan iya haɗa biyu ba.

Na san abin da za ki ce, na faɗa wa kaina shi tun kafin ki faɗa. Amma an ce mini in ɗauko ta, ni kuwa baiwa ce, Auta. Baiwa ba ta da ta cewa.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Mamanki.

*

Mama,

Na same ki lafiya? Yaya bayan, yaya gwiwar? Ni ina nan lafiya, sai dai gajiya. Mu biyu ne a kan gado talatin, in na dawo ɗaki ko takalmi ba na iya cirewa sai na zauna na huta. Ki gaishe mini da mai kaji.

Na karanta wasiƙarki sau uku a tsaye. Wa ya ce miki ki ɗauko ta? Fasto ne ko dattawan ikkilisiya? Na san su. In akwai aiki mai wari da babu mai so, sunanki ne yake fara zuwa musu baki, don sun san ba kya iya cewa a'a. Shekara ashirin da shida kina share musu dattin takalma, yanzu da ƙarfinki ya ƙare sai su ɗora miki wannan. Cikin matansu babu mai ɗaki?

Kuma wace mace? Matar da ta tsaya a bakin kabarin yayana, yaro ɗan shekara huɗu, ta ce miki a gaban jama'a da kin zauna gida da yana raye, waƙa ta fi miki ɗanki. Ba a haife ni ba a lokacin, amma na haddace maganar nan tun kafin in haddace addu'a, kuma a bakinki na ji ta. Saboda ita kika bar ƙungiyar mawaƙa, ban taɓa jin muryarki a coci ba.

Mama, mai irin wannan ciwon mu biyu muke juya shi, mu da aka koya mana. Ke shekarunki hamsin da takwas, ga baya. Ranar da kika faɗi, wa zai ɗaga ku?

Na rubuta wa Fasto. Ban zage shi ba, amma ban ɓoye masa komai ba.

Tunda dai tana nan: ki riƙa juya ta kowace awa biyu, ki duba duga-duganta da ƙugunta kada fata ta fara ja. Ki sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Kada ki ba ta ruwa tana kwance, za ta shaƙe. In za ki ɗaga ta ki lanƙwasa gwiwa, kada ki sunkuya. Don bayanki na faɗa, ba don ita ba.

'Yarki.

*

Autata,

Ina gaishe ki da aiki. Na gode da darasin matashi, ya yi amfani, jan da ya fara fitowa a ƙugunta ya koma. Bayan yana nan yana yi mini nasa wa'azin kowace safiya.

Kin ba ni kunya, yarinyar nan. Ranar Alhamis Fasto ya zo, ya zauna a baranda tsakanin rigunan mutane, ya ciro wasiƙarki daga aljihu a ninke huɗu. Ya ce rubutun hannunki yana da kyau, amma bai taɓa shan duka irin wannan a takarda ba. Bawan Allahn nan shi ne ya fi kowa hana ni. Sau biyu yana ce mini in bari a nemo mata wani wuri, Allah ba zai kama ni da laifi ba. Ki rubuta masa ki ba shi haƙuri. Laifina ne da ban fayyace ba.

Babu mutumin da ya ce mini komai. Bari in faɗa miki yadda aka yi, ko da yake ba zai ƙara mini daraja a idonki ba.

Da aka kawo mini labarin tana asibiti, na yi wanka na sa zanena mai kyau na tafi. Ba dubiya na je ba. Na je ne in ga bakin nan da ya faɗa mini maganar ya karkace. Na tsaya a ƙafar gadon na kalle ta son raina. Ta rame, gashinta ya yi fari fat, leɓenta ya bushe ya tsage. Wani ya ajiye mata kofin ruwa a gefen dama, gefen da ya mutu. Tana ta miƙa hannun hagu ta saman ƙirjinta, ba ya kaiwa. Ban san tun yaushe take yi ba. Na tsaya ina kallo, kuma na ji daɗi, Auta. Sai da na ji daɗin nan ya ratsa ni sannan tsoro ya kama ni. Na ce, ashe wannan ce matar da take goge bagadi kowace Asabar.

Na zagaya na ɗauki kofin na ba ta. Ta sha tana kallona, ba ta nuna ta gane ni ba, ba ta nuna ba ta gane ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Shekara ashirin da shida, in na buɗe ido da safe maganarta ce take fara gaishe ni. Saboda ita na canza hanyar kasuwa, na canza wurin zama a coci, na ƙi zuwa ganin mahaifiyarmu ranar da na san tana can. Ina wanke kofunan jibin Ubangiji in jera su, amma in lokacin sha ya yi sai in fita kamar zan duba wani abu a waje. Ni a zatona 'yantacciya ce da ta yanke hulɗa da mai cutar da ita. Ashe ƙiyayyar ce uwar ɗakina, ita take ce mini tashi, zauna, bi nan, kada ki bi can, ni kuma ina bi. Tsintsiyar ma wurin ɓuya ce.

Dama baiwa ce ni tun da. Abin da ya canza, wannan karon ni na zaɓi wanda zan yi wa bauta, kuma Shi ya riga ya saye ni da jininsa. Shi ya ce in ɗauko ta. Ban ji murya ba, kada ki tsorata. Na dai sani, yadda kike sanin kin bar dutsen guga a kan riga.

Yaushe ne hutunki? Ki zo, ko don ki koya mini yadda ake canza zanen gado da mutum a kai.

Mamanki.

*

Auta,

Ina fata kina lafiya. Ni dai da sauƙi. Yau mako bakwai rabona da wasiƙarki, in ban da layi ɗaya da kika turo a waya cewa kada in jira ki a hutun nan. Na kira sau huɗu ba ki ɗauka ba. Na gane. Ba zan matsa miki ba.

Kada ki ɗauka na zama tsarkakkiya a nan. Na gaji. Kayan mutane sun taru, biyu sun kwashe nasu sun kai wani wuri. Innarki ba ta da sauƙi. Cikin 'yan kalmomin da suka rage mata har da "tafi", kuma ita ta fi amfani da ita. Ranar Talata ta tofa mini abinci a fuska, da gangan, na ga idonta. Na goge fuskata na fito baranda. Na san ta jiƙa shimfiɗa, ina jin tana buga ƙarfen gado da hannu. Na ci gaba da guga. Riga goma sha huɗu na goge kafin in shiga, tun hantsi har rana ta karkata.

Da na shiga tana rawar sanyi. Na wanke ta na canza mata, na durƙusa a nan gefen gadon na roƙi Ubangiji gafara, na roƙe ta ita ma. Tsohuwar uwar ɗakina ba ta mutu ba, ta san ƙofar gidan nan sarai. Bambancin kawai, yanzu in ta kira ba dole ne in amsa ba. Ranar Talata na amsa. Laraba ban amsa ba.

Ko layi biyu ne ki rubuto, in san kina ci kina sha.

Mamanki.

*

Mama,

Ki yafe mini shirun. Lafiyata ƙalau, tari ne kawai na yi ya wuce. Yaya jikinki? Ki daina ɗaukar bokiti cike, ki riƙa raba shi biyu.

Ba abin da kika fahimta nake nufi ba. Ma'aikata biyu suka ajiye aiki a mako ɗaya, aka soke hutun kowa. Shi ya sa na ce kada ki jira ni. Amma tunda kin faɗa mini gaskiyarki, bari in faɗa miki tawa: da aka soke hutun daɗi na ji. Kiranki kuma ina gani, ban san abin da zan ce ba ne.

Kin tuna ina aji biyu, ranar da Inna ta tare ni a ƙofar makaranta? Ban ma san ko wace ce ba. Ta durƙusa ta ce ita yayar mamata ce, ta ba ni takalmi a leda, ta gwada mini ya yi daidai kamar ta auna ƙafata. Na taho gida da gudu ina murna. Kika cire mini shi a tsakar gida, kika riƙe hannuna har ƙofar gidanta, kika sa ni da kaina na ajiye shi a bakin ƙofa. A hanyar dawowa kika ba ni labarin kabarin. Shekarata bakwai.

Daga ranar na karɓi aikin. In na hango ta sai in tsallaka titi. Ranar da na gama makaranta ta zo ta tsaya can baya, na gan ta, na juya mata ƙeya, kuma na yi haka ne don in faranta miki. Ban taɓa tambayar kaina ko ni ta taɓa yi mini wani abu ba. Na ɗauka haka ake son uwa.

Yanzu kin rubuto mini cewa kin sami 'yanci. To madalla. Ni fa? Kin ɗora mini kaya tun ina ƙarama, na girma da shi har wuyana ya saba, sai ki sauke naki ki ce in zo in koya miki canza zanen gado. Kullum ina wanke mutanen da ban san sunan kakanninsu ba, ba na jin komai. Amma in na tuna zan taɓa jikin matar nan sai hannuna ya yi sanyi. Ina zuwa sujada in zauna, bakina yana motsi, babu abin da yake fita.

Na rubuta wa Fasto na ba shi haƙuri. Ya amsa da cewa ya ajiye wasiƙar farkon, zai riƙa karanta ta duk ranar da girman kai ya taso masa.

Ban yi fushi da ke ba. Ko kuma na yi, ban sani ba. Na dai gaji.

'Yarki.

*

Autata,

Na gode Allah da tarin ya wuce. Mu ma muna nan. Ƙirjin Innarki ya fara ƙara in tana numfashi, likita ya zo ya rubuta magani.

Wasiƙarki ta yi kwana uku a ƙarƙashin matashina kafin in iya ɗaukar biro. Duk abin da kika faɗa haka yake. Na yi ta lissafa abin da aka yi mini, ban taɓa juyawa na ga abin da ni na yi ba. Yayata magana ɗaya ta faɗa, rana ɗaya, cikin zafin rashi, don ita ma ta yi renon yaron nan a bayanta. Ni kuwa na ɗauki maganar na yi ta ba ki ita a baki shekara da shekaru. Na sayar da ke ga uwar ɗakina kina 'yar shekara bakwai, kuma ina ce wa kaina tarbiyya nake yi.

Na yi miki laifi, 'yata. Ki yafe mini. Ba na cewa yau, ba na cewa gobe. Kuma ba zan ce ki yafe mata don ni na ce ba, wannan zai zama wani kayan ne kuma na ɗora miki. Ni ba zan iya kwance ki ba. Wanda ya kwance ni yana nan, kuma bai yi mini gaggawa ba. In bakinki ya kasa addu'a ki zauna kawai, Ya san abin da ya kawo ki.

Jiya ina tsefe mata kai na tambaye ta ko ta tuna takalmin da ta taɓa saya wa Auta. Na ɗauka ba ta ji ba. Can sai ta yi ta kokawa da harshenta, ta ce, "Ja." Na ce ja ne? Ta gyaɗa kai. Ni na manta launinsa. Ki faɗa mini in haka ne.

Mamanki.

*

Mama,

Na iso lafiya, motar ba ta ɓata lokaci ba. Yau na koma bakin aiki. Yaya bayanki bayan kwana huɗun da na hutar da shi? Bel ɗin bayan da na kawo miki ki riƙa ɗaurawa, ba ado ba ne.

Akwai abin da ban faɗa miki ba da nake gida. Ranar da kika tafi kai wa mutane kaya kika bar ni da ita, na tsaya a ƙofar ɗakin da ruwa a roba na fi minti goma. Sai na ce wa kaina gado na talatin da ɗaya ne, na shiga. Na wanke ta kamar yadda nake wanke kowa. Da na zo ƙafafunta ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta ƙi saki. Na bar mata hannun. Ruwan har ya huce.

Ba zan ce miki na yafe ba, don ban san yadda ake ganewa ba. Amma hannuna bai yi sanyi ba. Ke kuma, Mama, maganar gafarar da kika roƙe ni ta wuce tun zamanmu a baranda, kada ki sake tayar da ita.

Ƙirjinta bai yi mini daɗi ba. Ki shirya zuciyarki.

'Yarki.

*

Autata,

Ina gaishe ki. Na san ba su ba ki izinin zuwa ba, kada ki sa abin a ranki. Kin zo lokacin da zuwan yake da amfani. Ni lafiya, gajiya ce kawai irin wadda take shiga ƙashi.

A waya na ce miki ta tafi, ban iya ƙara komai ba. Da safe ne, na gama ba ta shayi cokali uku, na juya in ajiye kofi. Da na juyo shi ke nan. Wata biyar da kwana tara ta yi a ɗakin nan. Ni na wanke ta, mai kaji ta taya ni. Dangin mijin sun zo sun cika kujerun gaba, wata a cikinsu har ta ce mini ladana yana sama. Na ce mata na gode.

Za ki so ki sani ko ta nemi gafarata. Ba ta nema ba. A farko ina sa kunne kullum, duk ta buɗe baki sai in ce yau ce. Ban san ranar da na daina jira ba. Ba don ta biya ni na yi mata ba, Ubangijina na yi wa aiki, kuma ban yi shi da kyau kowace rana ba, Shi ya sani.

Matar mai gadi ta kawo mini maɓallin coci, na ce ta riƙe, ta fi ni iya sharar. Ranar Lahadi na zauna a tsakiyar mutane, da kofin jibi ya zo kaina na karɓa na sha. Gadon yana nan ban fitar ba tukuna, ba ni da ƙarfin ɗagawa, kuma gugar baranda ta fara yi mini daɗi.

In an ba ki hutu kada ki sayo komai, ki zo kawai mu zauna. Na lura duk tsawon rayuwarki ban taɓa faɗa miki komai game da yayanki ba sai yadda ya mutu. Yana da wushirya. Yana tsoron kaji, amma in an tambaye shi sai ya ce su suke tsoronsa. Akwai sauran da yawa, ina ta tunowa.

Mamanki.